Ranar da Na Cika wa Adawiyya Aji

Sunana Nana, ni ce 'yar fari a gidan Malam Zailani na Tsamiyar Dabo, nan ƙasar Zango. Sana'ata matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Labarin ƙanwata Adawiyya zan ba ku, duk da dai na shiga cikinsa fiye da yadda ya kamata.

Shekara bakwai na ba ta. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ita ce shekarar da aka sa ta aji ɗaya, ni kuma ina aji shida ina jan ƙafa. Ni nake goya ta zuwa makaranta, hijabinta na jan ƙasa don Iya ta ce a ɗinka shi da girma ya yi mata shekara uku. Ni dai da ƙyar na fita, malamai ma sun ji daɗin rabuwa da ni. Ita kuwa tun tana aji biyu take gyara min canji in na dawo daga talla. Baba ya lura da haka. Da ta gama firamare sai ya ɗora ta a bayan keke ya kai ta sakandare da kansa. Daga nan ta wuce Daura ta yi karatun koyarwa, lissafi ta karanta. Ta yi aure tana shekarar ƙarshe. Mijinta Maliki tela ne, mutum ne mai sanyi, bai taɓa hana ta fita aiki ba.

Da ta dawo gida da takardarta, an riga an buɗe mana ƙaramar sakandare a bayan gari, ajujuwa uku, malamai biyar, duk maza. Babu mai lissafi. Shugaban makarantar, Malam Harisu, ya zo har zaurenmu ya roƙi Baba ta riƙa taimaka musu kafin gwamnati ta ɗauki sababbin malamai. Ya ce ba zai wuce wata shida ba. Sai da ta yi shekara huɗu a haka, ba albashi, sai ɗan abin sabulu da iyayen yara kan haɗa mata in kaka ta yi kyau.

Na san ajinta kamar yadda na san kaskona, don a gindin dalbejiyar da ke daidai tagarta nake kasa ƙuli, ina jiran a fito tara. Aji biyu aka ba ta ta riƙe, yara talatin da takwas, maza ashirin da huɗu, mata sha huɗu. Ƙarfe bakwai ta iso. Kafin a buga ƙarfen taron safe an share ajin, an cika randa, an goge allo. Ba ta cewa wane yi kaza. Akwai kwali mai jerin sunayen masu aikin a bayan ƙofa, kowa ya san ranarsa. In sun dawo daga taro, mata su zauna ta dama, maza ta hagu, kowa da wurinsa, ba a canzawa sai ƙarshen wata. Ta shigo, su miƙe gaba ɗaya su gaishe ta, monita ya ja addu'a, su zauna. Sai kiran suna.

Daga nan kowa ya ɗora littafinsa da bironsa a kan benci ta bi layi tana dubawa. Wanda bai yi aikin gida ba, ba ta dukansa. Zai zauna ya yi shi lokacin tara, yana jin ƙanshin ƙulina ta taga. Yaran sun ce gara bulalar Malam Harisu. Wanda ya makara ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya faɗi dalili da bakinsa a gaban kowa, sannan ya shiga. Wanda bai zo ba, maƙwabcin zamansa zai kai masa aikin ranar har gida. Abu ɗaya ne ke sa ta ɓata rai sosai, a yi wa wanda ya ba da amsa ba daidai ba dariya. Na taɓa ji tana ce musu, "Wanda ya kuskure ya fi wanda ya yi shiru aiki. Shi dai mun san inda za mu gyara masa."

Rijista kuwa ba ta wasa da ita. Wanda ya zo ta sa masa alama, wanda bai zo ba ta sa masa sifili, ko da ɗan mai gari ne. Malam Harisu ya sha ce mata, "Malama, sifilin nan naki ya yi yawa, kamar ƙwan zabi." Ta ce, "To su zo mana, Malam."

Bara da damina ta ce mana ta gaji. Muna zaune a tsakar gida da la'asar, ni da ita da Iya, ina ɓarar gyaɗa. Ta ce in shekarar nan ta fita ba a ɗauke ta ba, za ta ajiye alli ta zo mu haɗa kasko. Na kalli hannuwana, duk tabon mai, na kalli nata. Na ce, "Ba da ni ba. Ban goya ki zuwa makaranta don ki zo ki zauna min a bakin murhu ba."

"To Yaya, haka zan ƙare? Yarana biyu."

Iya ta ce a dai ci gaba da addu'a.

Ana shiga kaka sai ga labari. Malam Harisu ya kira ta ranar Litinin ya ce za a ɗauki malamai, kuma za a fara da masu aikin sa kai, amma sai sufeto ya zo ya ga kowa a cikin ajinsa ya rubuta rahoto. Ranar Laraba zai zo. Abin da ya rubuta shi ne zai sa a ɗauke ta ko a bar ta.

Matsalar ita ce lokacin cirar gyaɗa ne. Duk wanda ya san garinmu ya san in gyaɗa ta nuna ba a jiran kowa, in ƙasa ta bushe rabinta zai tsinke a ciki. Gida gaba ɗaya ake fita, wasu na cira, wasu na tsiga. A ranar Litinin ɗin yara sha tara ne suka zo mata.

Ta biyo ta wurina bayan an tashi, ta zauna a kan tushen dalbejiya. "Yaya, mutum zai taso tun daga Daura ya tarar da benci wayam. Me zai rubuta? Zai ce malama ce ta kasa riƙe yara."

Na ce, "Ki je ki huta. Allah na nan."

Ban gaya mata abin da na ƙudura ba. A wurinmu in mutum zai yi suna ko biki, ba a barinsa shi kaɗai, sai an cika masa gida. In kuma gayya aka kira ba ka samu zuwa ba, sai ka tura ɗanka ko ƙaninka a madadinka, an san gidanka ya zo. Ni a ganina zuwan sufeto bai wuce haka ba. Baƙo ne zai zo wa ƙanwata.

Ranar Talata ban soya ƙuli ba. Na ɗauki mayafi na bi gidajen yaran ajinta ɗaya bayan ɗaya. Na fara da maƙwabciyarmu Kande, uwar Sadiya.

"Kande, gobe Adawiyya na da baƙo. Ina son Sadiya ta je makaranta."

"Ke Nana, ubanta zai sake ta ne? Ita ce mai tsiga, hannunta ya fi na kowa sauri."

"To ba ni ƙanwarta Khairat."

"Khairat fa aji uku take a firamare."

"Ta sa hijabin Sadiya. In an kira Sadiya ta amsa. Zama kawai za ta yi."

Kande ta yi dariya ta ce, "In dai don Adawiyya ne, har ni sai in sa hijabin."

Haka na yi ta bi. Ba gidan da ya ƙi ni. Wasu ma suka ce ɗaya ya yi kaɗan ga Malama, ga biyu. Na ce kowa ya kawo min nasa bayan katangar makaranta da safe, sanye da kayan yayansa, kar su shiga taron safe.

Ranar Laraba sufeto ya iso da wuri a kan babur, wani dattijo siriri mai furfura a gemu, Malam Zulkifilu. Ana gama taro aka kira Adawiyya ofis don ya duba littafin shirin darasinta. Ni kuma na kaɗa tawagata ta ƙofar baya. 'Yan ajin na gaskiya suka yi tsuru-tsuru suna kallona. Na ce, "Ku matsa musu. Kar wanda ya yi magana." Na gyara wa wannan kwala, na naɗe wa wancan ƙafar wando. Yazid, ƙanin wani yaro Ikrima, wandon yayansa sai da muka ɗaure masa da igiyar rama. Na duba, ba benci ko ɗaya da ya rage, wasu ma huɗu-huɗu suka zauna. Raina ya yi fari. Na koma gindin bishiyata na kasa ƙulin da ya rage min tun Litinin.

Suka shigo, sufeto a gaba, Malam Harisu a baya, ita a tsakiya da rijista a hannu. Yaranta suka miƙe lokaci ɗaya suka gaida su. Nawa kuwa wasu suka miƙe a makare, wasu ba su miƙe ba sam, wata ta durƙusa har ƙasa ta ce ina kwana.

Na ga fuskar Adawiyya. Ta bi ajin da kallo daga dama zuwa hagu, a hankali. Malam Harisu ma ya gane, na ga ya cire hula ya mayar. Sufeto dai bai san fuskar kowa ba. Ya samu kujera a baya ya zauna, ya ce, "Ma sha Allah. A lokacin kaka? Bismillah, Malama."

Monita ya ja addu'a. Ta buɗe rijista ta fara kira. Suna na farko mai shi ne ya amsa. Na biyu ma haka. Ta ce, "Ikrima Dabo."

Wata 'yar siririyar murya ta ce, "Na'am." Yazid ya miƙe yana riƙe da wando da hannu biyu.

Ta tsaya da biro a sama. Ni daga waje ina cewa a raina, ki sa alamar mana, ki wuce. Ba wanda zai sani.

Ta rufe rijistar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Wannan ba Ikrima ba ne, ƙaninsa ne. Kuma ba duka ne 'yan ajina ba."

Sufeto ya ce, "Ban gane ba."

"Ni ma yanzu na gani. Ka ba ni minti biyu." Ta juya ga yaran, muryarta ba faɗa. "Duk wanda ya san ba ɗan ajin nan ba ne, ya tashi ya fita a hankali. Ba abin da za a yi muku. 'Yan firamare ku wuce makarantarku, ba a daɗe da shiga ba."

Suka fara zarewa ɗaya-ɗaya. Khairat ta taka bakin hijabi ta kusa faɗuwa. Sufeto yana ƙirga su da kan biro. Ashirin da uku suka fita, ashirin da ɗaya suka rage.

Ya ce, "Talatin da takwas ne a rubuce, na tarar da arba'in da huɗu. Aikin wa ke nan?"

Malam Harisu ya ce wallahi bai san komai ba. Adawiyya ta waiwayo ta taga. Sufeto ya bi idonta, ya same ni tsaye da faranti.

"Baiwar Allah, zo nan."

Na zagayo na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ke kika kawo su?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ita ba ta sani ba."

"Mene ne haɗinki da ita?"

"Yayarta ce ni, uwa ɗaya uba ɗaya."

"To don me?"

"Na ji za ta yi babban baƙo, yara kuma suna gona. Na ga ko suna ake yi ai ba a barin mutum da gida wayam. Kowane gida ya aiko da madadi."

"Madadi," in ji shi. Ya kalli Malam Harisu. "Shekara ashirin da shida ina wannan aiki. Na ga an ari benci, na ga an ari allo, har malami na ga an ara. Ban taɓa ganin an aiko da madadin ɗalibi ba." Ya dawo gare ni. "In ranar jarrabawa ce fa? Shi ma mai igiyar nan zai zauna wa yayansa?"

Na ce, "Ban yi tunanin nan ba, ranka ya daɗe."

"Tashi ki koma kan sana'arki."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce Malama ta ci gaba. Ta sake kiran suna tun daga farko, ta sa sifili goma sha bakwai a gabansa. Ta bi layi ta duba aikin gida. Sannan ta yi darasinta, na raba abu kashi-kashi, tiya biyu ta gero a raba wa gida uku. Wata yarinya ta fito allo ta kuskure, ba wanda ya yi ko tari, ta sake gwadawa ta samu. Ni dai ina waje, an fito tara ma ban san me na sayar ba.

Da zai tafi na ƙulla masa ƙuli a leda na bi shi wurin babur. Ya ce, "Ajiye kayanki. Yau kin yi mata hidima ta isa." Ya tafi bai gaya wa kowa abin da ya rubuta ba.

Malam Harisu ya ce kar ya ƙara ganina a harabar makaranta. Wannan bai dame ni ba kamar na Adawiyya. Ta zo gida da yamma, ba ta ko zauna ba.

"Yaya, shekara huɗu. Shekara huɗu ina kare rijistar nan, kin zo kin rushe min a safiya ɗaya. Yanzu zai ce ni na shirya, da na ga za a gane na janye."

"Ai na gaya masa ba ki sani ba."

"Ke yayata ce. Me za ki ce masa dama in ba haka ba?"

Na ce don ita na yi. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ta fita.

Kwana tara ba ta taka gidanmu ba. In mun haɗu a hanya ta gaishe ni kamar yadda ake gaida surukai, ta wuce. Gari kuwa ya samu abin magana. Duk inda na gifta sai a ce, "Nana, gobe ina da awo a asibiti, ko za ki aiko min da madadi?" Iya ce ta gaji ta kira mu ta zaunar. Ta ce da ni, "Ke ba ki da aiki sai shiga abin da ba a sa ki ba, tun kina yarinya." Ta ce da ita, "Ke kuma wadda ta goya ki ce, in ta yi wauta ki gaya mata, ba ki ɗauke mata ƙafa ba." Na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce, amma ta riga ta cire rai da aikin. Har ta tambaye ni nawa ake sayar da babban kasko a kasuwar Mai'aduwa. Na ƙi gaya mata.

Bayan sati uku, ranar wata Litinin, sai ga Malam Zulkifilu ba sanarwa. Ko ofis bai biya ba, ajinta ya wuce kai tsaye. Ni lokacin na koma kasa kaya a bakin hanya, ita ta ba ni labari. Ta ce ya karɓi rijista ya kira sunan da kansa, kowa ya amsa sai ya ɗaga kai ya dube shi da kyau. Talatin da uku ya samu. Sannan ya buɗe baya ya zaɓi ranaku, ya riƙa tambayar yara. "Kai, ranar Alhamis ta makon jiya ka zo?" Yaro ya ce a'a, sun kai gyaɗa gida. Ya duba, sifili ne. Ya tambayi wajen goma haka, duk ya yi daidai. Ya karɓi littattafan waɗanda suka yi fashin kaka, ya ga aikin kwanakin duk a ciki, ya tambayi yadda aka yi. Suka ce maƙwabtan zamansu ne ke kai musu. Ya zauna har aka fita tara, ya ga mutum biyu sun tsaya yin aikin gida ba wanda ya ce su tsaya.

Da zai fita ya ce mata, "Ina yayarki?" Ta ce an kore ni. Ya ce, "A bar ta ta dawo, amma ta tsaya a wajen taga."

Daga nan shiru. Aka gama kaka, aka yi hutu, aka dawo, aka yi azumi. Muka ji an ɗauki wasu a Zango, an ɗauki wasu a Mai'aduwa. Adawiyya ta daina zancen. Ni ce dai kullum in na ga baƙon babur sai na bi shi da kallo.

Ranar Alhamis da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ga Malam Harisu ya fito daga ofis da farar ambulan, yana sauri har yana tuntuɓe. Ya tsaya a ƙofar ajinta ya ce, "Malama, fito." Ta ce, "Malam, saura minti goma darasin ya ƙare." Ya tsaya nan a rana yana jiranta, ni ma na taso na tsaya a bayansa, bai kore ni ba.

Aka buga ƙarfe ta fito. Ta buɗe ta karanta, ta sake karantawa. Da Turanci aka rubuta, ni sunanta kawai na gane da na Baba, da hatimi a ƙasa. Na ce, "Ke ki yi magana mana."

Ta ce, "Sun ɗauke ni, Yaya. Kuma nan suka bar ni."

Na zauna a ƙasa a wurin. Ita kuwa ta ninke takardar ta sa a jaka ta shiga aji uku, don tana da darasi da su.

Iya ta sa an karanta mata takardar sau uku, ana fassara mata. Baba ya tafi masallaci ya gaya wa liman da kansa. Ran Litinin Adawiyya za ta je Katsina cike takardu da ɗaukar hoto, ta ce in raka ta. Rabona da Katsina tun kafin in haifi ɗana na biyu. Motar ƙarfe shida za mu bi ta Daura, don tana so mu gama mu juyo a ranar, Talata yaranta na da gwaji.